Layar Keken Audi

Shekarar da faɗa ya shiga birnin Wad Madani, Audi ya dawo ƙauyenmu daga can bisa keke. Ba irin kekunan da muka sani ba ne, waɗanda ake ɗaura wa buhun dawa a baya. Wannan tayoyinsa kauri gare su, duk ƙuraje kamar bayan kada, ba wurin goyo, ba ko ƙararrawa. Muka yi ta yi masa tsiya muna cewa keken marowata ya sayo, shi kuwa sai dariya. Daminar da ta biyo baya ba ta ƙare ba zazzaɓi ya ɗauke shi. Aka jingine keken a zaure, iska ta fice daga tayoyin a hankali.

A ƙarƙashin sirdin akwai wata 'yar jaka ta jan fata, tsawonta bai wuce taƙi ba, an naɗe ta da tsirkiya tam. Uwarsa Hadizatu, wadda yayata ce, kallo ɗaya ta yi mata ta ce laya ce. Wa zai musa? Irinta muke rataya wa raƙuma da shanu, ga shi kuma yaro ya ratso daji da shingayen masu bindiga ko ƙwarzane babu. Ta kwance ta daga sirdin ta rataye a ƙusa bisa ƙofar ɗakinta. Kowa a garinmu ya san ba a buɗe laya, in aka buɗe ta daina aiki. Yaya mace ce mai taurin rai, ko ranar jana'iza ban ga hawayenta ba, amma kullum da safe sai ta goge jakar nan da gefen zanenta.

Damina ta zagayo, Sakina ƙanwar Audi ta zo gida haihuwar fari. Naƙuda ta kama ta da asuba, har hantsi ya dubi ludayi shiru. Ni Ramla na karɓi haihuwa ba adadi, amma da na taɓa cikin nan na san ya fi ƙarfina. Ɗan a gicciye yake. Wannan aikin Hanaa ne, ungozomar da ta yi karatu, wadda muke kira daya, ita kuwa tana can garin Suki.

An kwana ana ruwa. Baƙar ƙasarmu in ta sha ruwa ko amalanke ba ta bari ta wuce, balle mota, waya kuma ta daɗe da zama abin ado. Hanya ɗaya ta rage, tudun bakin babbar magudanar ruwan gonaki, siriri, mai tsakuwa. A ƙafa ko a jaki sai rana ta karkata kafin a je a dawo.

Uzairu mijin Sakina ya jawo keken daga zaure. Alhasan mai faci ya zo da ƙaton famfonsa yana hura hanci, amma bakin tayar siriri ne kamar tsinke, famfon ya ƙi kama shi. Suka naɗa tsumma, suka tofa yawu, iska sai fita take ta gefe tana tsaki. Na tsaya a kansu ina masifa, wadda na san ba ta hura taya.

Ina komawa ciki Yaya ta ce, "Ramla, sauko mini da layar nan."

"Mi za ki yi da ita, Yaya?"

"In kwance ta. Abin da yak kawo Audi gida lafiya, a wanke shi a ba ƙanwarshi ta sha."

"Kin san in an buɗe, khalas, shi ke nan, ta tashi aiki."

"Na sani. Sauko da ita."

Ta sa aka kawo ƙwarya da ruwa. Ta warware tsirkiyar, ta yi bismilla, ta shimfiɗa fatar bisa cinyarta. Babu takarda, babu ko ɗigon tawada. Wani ɗan baƙin bututu ne, sai dunƙulen ƙarfe a naɗe, da wasu robobi biyu masu kama da cokali, da 'yan faci a cikin gwangwani ƙarami. Warin man keke ya tashi, irin wanda hannun Audi yake yi kullum. Yaya ta daɗe tana kallo. Sakina ta yi nishi a bayanmu, sai ta tura mini fatar gaba ɗaya ta ce, "Kai ma maza su gani."

Uzairu ya ɗauki bututun yana jujjuyawa. Ya ja, abin ya miƙe ya ninka tsawonsa. Ya murɗa gindin, sai ga wata 'yar igiyar roba ta leƙo, da bakin ƙarfe. Ya kai shi kan siririn bakin tayar, ya hau daidai, ya ɗaure.

"Ya salam!" in ji Alhasan. "Munfak ne! Famfo ne, jama'a, wanga ɗan abu!"

Suka buɗe dunƙulen ƙarfen, yatsu suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, wani mai kai kamar tauraro, wani mai kusurwa, wani mai baki kamar na sukundireba. Kowane ƙusa a jikin keken nan akwai yatsan da aka yi dominsa. Da cokulan roba suka ɓalle tayar baya, suka zare ƙayar da ke ciki, suka liƙa faci. Da yatsa ɗaya suka ɗaure kan keken da ya yi lako-lako. Uzairu ya durƙusa yana bugun famfon, gumi na ɗiga daga haɓarsa, mu kuwa mun kewaye shi. Tayar da ta shekara kwance ta fara ɗagowa daga ƙasa. Wallahi duk shagon Alhasan ne aka naɗe a cikin abin da bai kai taƙi ba, muka rataye shi bisa ƙofa muna goge masa ƙura.

Uzairu ya cusa kayan a aljihu ya haye. Sai da ya ɓace na tuna keken ba ya goyo, na dafe kai na ce yau mun shiga uku.

Ana shirin kiran azahar muka ji ihu daga bakin magudana. Na fita da gudu. Can bisa tudun ga farin mayafi yana kaɗawa, keken Audi na tahowa kamar ba ya taɓa ƙasa. Hanaa ce da kanta take tuƙawa, ta tattare mayafin a ƙugu, jakar aikinta a baya. Tsofaffin da ke alwala suka tsaya da butoci a hannu.

"Mijin mai naƙudar na baya, a ƙasa yake tahowa," ta ce tana haki. "Sirdin ya yi mini bisa, yas sauke shi da wani ɗan ƙarfe. A Madani na girma, ya Khala, kar ki kalle ni haka. Ina take?" Khala take ce mini, wato inna.

Abin da ta yi a ɗakin nan da hannayenta ba na bayarwa a labari ba ne. Kafin la'asar muka ji kuka, 'ya mace, uwa kuma tana numfashi tana neman ruwa.

Uzairu ya iso da laka har gwiwa. Da ya ji labari ya zauna a ƙasa daɓas, daga baya ya lalubo kayan ya miƙa wa surukarsa da hannu biyu. Ta jera su a fatar yadda ta same su, ta naɗe, ta ɗaure. Na miƙa hannu in mayar mata a ƙusa, ta kauce.

"A'a. Ba can Audi yab bar ta ba."

Ta taka zuwa zaure, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta ɗaure jakar a ƙarƙashin sirdin. Sannan ta kai babban yatsa ta danna tayar baya. Tana nan tam da iska. Ta sake dannawa, ta kifa goshinta bisa sirdin, ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar da aka binne shi.