Ledar da ke Ƙarƙashin Fanka

Baba Albert bai zo bikin jikarsa Becky ba. Yana kwance a ƙauye, ciwon suga na cinye masa ido a hankali. Abu ɗaya ya roƙi ɗansa Wilson, uban amarya, ya kawo masa bidiyon bikin ya gani tun yana ɗan gani.

Wilson ya ce shi da kansa zai haɗa bidiyon a gidansa na Kamazou. Tsohuwar kwamfutarsa ta kasa, sai ya tafi Makera wajen Zakariyya'u mai kayan kwamfuta, ya sayo sabuwar firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da fankarta, ya dawo ya ɗaura da hannunsa.

To, nan fa aka soma. Ko ba ta aikin komai, awon zafi na nuna digiri sittin da wani abu. Da ya fara fitar da bidiyon sai lamba ta hau, tamanin, casa'in, ɗari, ɗif, kwamfutar ta mutu.

Ya zagi masu wuta. Ya zagi zafin Kaduna. Ya cire murfin kwamfutar ya juya mata fankar falo, matarsa Damaris na zaune tana fifita da faifai. Har ya sauke wata manhajar awo, wai ta farkon ƙarya take yi. Ita ma ɗari ta nuna masa.

"Baban Becky, ka kai wa masu aikin su yi mana," in ji Damaris. "Baba na jira fa."

"Ni da na kusa gamawa?"

Kai, mutumin nan akwai taurin kai! Mako ya bi mako. Kullum ya dawo aiki sai ya kunna, bikin na wucewa a allo, shi kuwa idonsa na kan 'yar lambar da ke gefe.

Da abin ya ishe shi, ya kira Zakariyya'u yana faɗa, wai an sayar masa da jabu.

"Yallaɓai, yi haƙuri," in ji Zakariyya'u. "Ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar, wanda ke taɓa firosesa, akwai wata 'yar leda a jikinsa. Ka ɓare ta?"

Wilson ya ga ledar sarai ranar da ya ɗaura, da gangan ya bar ta. A gidansu ba a ɓare ledar sabon abu. Rimot na cikin ledarsa, kujerun falo ma haka, don kada su tsufa. Har man rage zafin da aka ba shi, a kan ledar ya shafa.

Ya kwance fankar, ya ɓare ledar, ya goge, ya sa sabon mai. Lamba ta tsaya a saba'in ba ta ƙara motsi ba. Kafin Damaris ta sauke tuwo bidiyo ya fita.

Ranar Asabar ya kama hanyar ƙauye da bidiyon a waya. Ya tarar da Baba Albert a kan tabarma, ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa. Tsohon ya juya wayar, ya kawo ta daf da fuska, sannan ya mayar da ita kunne.

"Duhu kawai nake gani yanzu," ya ce. "Ba komai. Ga muryar 'yan zumuntar matan coci nan, na ji su."

Ya daɗe yana sauraro. Ya yi murmushi da ya ji Becky ta ce ta yarda.

"Wilson, kai da ka yi ta kallonsa, gaya mini. Da ta faɗi haka, dariya ta yi ko kuka?"

Wilson ya tuna baya. Ranar bikin yana waje yana fama da masu abinci. A bidiyon kuma, daidai wurin nan ne lamba take kai casa'in da tara.

"Bari in mayar baya in duba, Baba," ya ce, kunya ta kama shi.

"Bar shi," in ji tsohon, ya miƙo masa wayar. "Na ɗauka ka gani."