Rumbun Tambaya da Ƙwallon Bututu

Ana gab da samun mulkin kai aka ja bututun ruwa a unguwarmu ta Tambuwal, aka bi da shi ta gindin rumbun Tambaya. Manomi ne, geronsa na shekara kaf yana ciki. Ya yi magana, aka ce ai ƙarfe ba ya yoyo.

Ba a daɗe ba yashi ya cushe bututun. Masu aikin ruwa suka zo da dabararsu: ƙwallon roba naɗe da buhu da waya. A cusa shi ta wajen injin tura ruwa, ruwa ya turo shi yana kankare ciki, har ya fito ta ɗaya bakin da dattin duka. Sharaɗi ɗaya ne, a bar wannan bakin a buɗe. Shugabansu Atiku ya faɗa da Hausa tsantsa, ya tafi wajen inji.

An kuwa gayyato manyan baƙi daga Sakkwato su ga aikin. Ɗanmaliki, mai kula da saukar baƙi, ya shimfiɗa musu tabarmi daf da bakin bututun. Sai da suka miƙe ƙafa cikin fararen riguna sannan ya tuna taɓo ne zai fito.

Tambaya ya raɗa masa, "Yallaɓai, a matsa da tabarmin nan mana."

"Baƙo ya zamna, in ce mai tashi? Ba haka anka hore mu ba," in ji Ɗanmaliki.

A garinmu ba a ta da baƙo, wannan gaskiya ne. Amma wa ya ce a naɗe guntun taɓarya da tsumma a buga a bakin bututu? Abin da Ɗanmaliki ya yi ke nan, yana murmushi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Inji ya tashi. Muna jin ƙwallon yana gurnani ƙarƙashin ƙasa, yana matsowa. Da ruwa ya rasa mafita, sai ya fasa mahaɗar da ke gindin rumbun. Ƙasa ta jiƙe, duwatsun da aka ɗora rumbun a kai suka zame, rumbun ya durƙusa ya tsage cikin taɓo.

Baƙi suka tashi da kansu, rigunansu tas, suna yaba tarbar da aka yi musu.

Kulu matar Tambaya ta yi ta tono zangarniya tana shanyawa, amma ruwa ya riga ta. Da sati ya zagayo, abincin gidan ya tsiro kore shar a tsakiyar rani.