Majanyin Tasalla

Labaran kafinta bai gama miƙa karan dawa a jikin yarinyar ba sai ga kakarta, Iya Atika, ta faɗo zaure kamar an jefo ta. Ta fizge karan ta karya shi biyu.

"La'ilaha illallahu! Jikar tawa da ranta za ka auna da kara? Gawa ka gani?"

Labaran ya ja da baya. Shi dai hukumar En'e ce ta turo shi daga Katsina, yana bin ƙauyukan Batsari yana auna yaran da shan-inna ya nakasa, don a sassaƙa musu sandunan dogarawa kyauta su zauna gaban iyayensu. Tsautsayi ya sa ya baro igiyar awonsa a Darini. Da ya iso Yasore aka kwantar masa da yarinyar nan, Kulu, a tabarma, sai gogan naka ya zari kara daga danga, ya manta shaf cewa da kara ake auna mamaci kafin a haƙa kabari.

"Hau kekenka ka ba mu wuri," in ji Iya. "Mun yafe. Ta yi ta rarrafenta."

Tasalla, uwar yarinyar, ta dubi keken. Shekara bakwai tana goyon Kulu, rijiya da ita, gona da ita. Ga ciki ya tsufa, haihuwa lokacin kaka, baya kuwa ɗaya Allah ya ba ta. In mutumin nan ya hau keke, sai baɗi, Kulu kuma sai zaman ɗaka.

Tasalla ba ta musu da suruka, amma fa ba a taɓa kayar da Tasalla ba. Ta kwance majanyin da ke ƙugunta, ta durƙusa.

"Iya, don Allah, an taɓa auna mamaci da majanyi?"

"Ke, rufe bakinki! Abin goyo? Ina!"

"To ga shi. Ke za ki auna ta da hannunki mai albarka. Malam ya tsaya can, ya nuna da baki."

Iya ta harari Labaran, ta ja tsaki, amma ta karɓa.

"Daga hammata zuwa diddige, Iya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Tsohuwa ta yi bisimilla ta cusa bakin majanyi a hammatar Kulu. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, cakulkuli ya ishe ta. Iya ta ja zuwa diddige, ta ƙulla, ta danne ƙullin da haƙori.

Labaran ya naɗe majanyin ya sa a jaka. "Zan dawo da shi tare da sandunan, in Allah ya yarda."

"Kafin kaka dai, Malam," in ji Tasalla. "Mai shi na tafe. Wannan kam ta gama da shi."

Har ya ɗora ƙafa a keke, Iya ta leƙo daga zaure.

"Kai mai kara! Ka ƙara mata yatsa biyu. Doguwa za ta yi, ubanta ta biyo."