Magajin da Aka Ɓoye

Ranar da Sanobar ta cika sati uku a sabon gidanta na Margilan, a ƙasar Uzbekistan, ta ɗaure kai ta shiga ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa da tsintsiya da bokitin farar ƙasa. Shi kaɗai ya rage ba ta gyara ba. So take ta kafa keken ɗinkinta a ciki, masu kawo ɗinkin bargo su daina ratsa mata tsakar gida. Mijinta Tursunali yana Rasha yana aikin gini, shekara ta shida ke nan, kuma gumin shekarun nan ne ya zama wannan gida: ɗaki huɗu, rumfar inabi, da tanderun burodi a kusurwa. Daga ita sai 'ya'yanta biyu, Oydin mai shekara goma sha huɗu da Zebo mai biyar.

Tana janyo wani tsohon akwatin ƙarfe waje sai ga Inna Hosiyat, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ta yi sallama da burodi biyu masu zafi a ƙunshe cikin ƙyalle.

"Sannu da aiki, 'yar nan. Au, ɗakin Holmat kike kwashewa? To ina zai sa haƙarƙarinsa in ya dawo?"

"Wane ne Holmat, Inna?"

Tsohuwa ta tsaya cak da burodin a hannu.

"Ƙanen Mastura mana, wadda ta sayar muku da gidan. Ba ta faɗa muku ba? Ni na zaci kun shirya da shi."

"Ita kaɗai ubanta ya bari. A gabana ta faɗa, a ofishin notari mai shaida takardu, kafin a buga hatimi."

"Ita kaɗai a waje dai," in ji Inna Hosiyat, ta waiga ƙofa, ta rage murya.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, in ji ta, gardama ta haɗa Holmat da wani dillali a kasuwar dabbobi a kan bijimi. Holmat ya zari turken ƙarfe ya sauke wa mutumin a ka, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Tun ranar yana gidan yari. Ubansu, marigayi Berdi, ya rasu shekara biyu ke nan. Kuma ƙarshen watan nan wa'adin Holmat zai cika, don har ya aiko wa limamin unguwa da wasiƙa.

Sanobar ta zauna a kan akwatin ba tare da ta yi niyya ba. Ta kira lambar Mastura sau bakwai kafin azahar. A kashe.

Washegari ta kwashi takardun gidan ta nufi wurin Lauya Muhayyo, wadda Sanobar ta taɓa ɗinka wa 'yarta bargunan aure. Lauyar ta sa tabarau ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya har shayin da aka zuba musu ya huce.

"Yaya Muhayyo, ai akwai hatimi," in ji Sanobar. "Ga shi nan. Ga sunana."

"Hatimi abin da aka faɗa a gabansa yake shaidawa. Ta ce ita kaɗai ce magajiya, an rubuta. Kafin ki sa hannu, kin nemi a ba ki sunayen duk waɗanda aka taɓa yi wa rajista a gidan?"

"A'a."

"Kin je wurin mai unguwa? Kin tambayi ko da maƙwabci ɗaya?"

"Ta ce akwai wani mai saye da ke jira, in ban yi sauri ba ya riga ni."

"Kullum akwai wani mai saye da ke jira," in ji lauyar, ta cire tabarau.

"Amma mutumin da ya yi kisa, har yanzu yana da haƙƙi?"

"Ba ubansa ya kashe ba. Zaman gidan yari ba ya cinye wa mutum gadonsa. In ya nuna wa alƙali cewa yana tsare aka raba, kuma ɓoye shi aka yi, za a saurare shi."

"Zai iya korar mu?"

"Da hannunsa, babu dokar da ta ba shi. Ta kotu kuwa yana iya neman a rushe cinikin. Abin da zai taimake ki shi ne da zuciya ɗaya kika saya, ba ki san da shi ba. Amma ba zan rantse miki a kan abin da alƙali zai yanke ba. Ki adana takardun nan a wani gida, ba naki ba. In ya zo, kada ki yi musu da shi, kada ki sa hannu a komai. Ki aika a kira mai unguwa, ki kira ni."

"In ya ba ni lokacin kira," in ji Sanobar.



Da ta gaya wa Tursunali a waya, tana jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa. Ya ce ba za a sake shi ba sai aikin ya ƙare, wata huɗu nan gaba. "Ki canza kwaɗo," ya ce. "Ki sayi babba. Kada ki bar yaran nan su fita su kaɗai."

Ta sayi kwaɗo babba. Ta koma raka Oydin makaranta kamar 'yar aji ɗaya, yarinyar tana ta ƙunƙuni. Abin da ya fi cin ta shi ne ba ta san fuskarsa ba. Duk namijin da ta gani da askakken kai a kasuwa sai gabanta ya faɗi. Mai kawo madara ya buga ƙofa ta saki kwano ya fashe. Ita da ta shekara ashirin tana ɗinki, sai ga allura tana sukar ta sau uku a bargo ɗaya. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, babu wanda ya zo, kuma hakan bai sa ta samu sauƙi ba.

Ranar wata Talata da hantsi ya zo. Wata mai kawo ɗinki ta fita ke nan ba ta ja ƙofa sosai ba. Sanobar tana kusurwa, hannunta har kafaɗa a cikin tanderu tana manna ƙullin burodi, sai ta ji muryar Zebo a bayanta tana cewa, "Ummana tana can."

Ta juya. Wani mutum ne a tsaye a tsakar gida, siriri, duk furfura, da leda a hannu. Ya dafa ginshiƙin rumfar inabi kamar mai gaisawa da shi. Zebo tana tsaye dab da gwiwarsa tana kallon sa. Taku ɗaya ne tsakaninsa da yarinyar, tsakaninta da uwarta kuwa ya fi goma.

"Salamu alaikum," in ji shi. Muryarsa a dushe take. "Ina Mastura?"



"Zebo, zo nan," in ji Sanobar. Yarinyar ba ta motsa ba.

"Ku 'yan haya ne?"

Ta so ta ce e. Kalma ɗaya ce, da ta ba ta damar ɗauke 'yarta. Amma yana kallon ta ido cikin ido, ta ji ba za ta iya ba.

"Mun saya, Malam. Wata biyu ke nan. Wallahi ba mu san da kai ba."

Ya ajiye ledar a ƙasa a hankali. Ya juya ya tura ƙofar ɗan ɗakin nan, ya tsaya yana kallon keken ɗinki da tarin auduga da farar ƙasar da aka shafa.

"Mastura ta rubuto mini," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Ta ce Baba ya rasu, ɗakinka yana nan, na kulle maka shi."

Sai ya dunƙule hannu ya naushi ƙyauren. Ya sake. Ya sake, har katakon ya tsage, jini ya biyo yatsunsa. Zebo ta ƙwalla ƙara. Sanobar ba ta san lokacin da ta ratsa tsakar gidan ba, sai ganin kanta ta yi a jikin bango da yarinyar a ƙirji, shi kuma yana tsakaninsu da ƙofar fita. Burodi ya fara ƙauri a tanderu. Ya juyo, idanunsa jajur, yana huci.

"Holmat! Holmat ɗan Berdi! A gaban yarinya?"

Inna Hosiyat ce a bakin ƙofa, ko takalmi babu, ta riƙe ƙugu.

"Shekara goma sha ɗaya ba ta ishe ka ba? Ni na yanke maka cibiya, ka dube ni nan!"

Ya dube ta. Ya dubi hannunsa. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙyauren da ya tsaga, ya rufe fuska.

Mai unguwa ya zo, Lauya Muhayyo ta zo. Holmat bai ɗaga murya ba, amma bai sassauta ba. "Gidan ubana ne," ya ce. "Rabi nawa ne. Ban sayar ba, ban wakilta kowa ba." Lauyar ta ce gaskiyarsa ce, amma wurin faɗinta kotu ne. Mai unguwa ya sama masa wurin kwana a ɗakin ladan.

Wata uku aka yi ana shari'a. Kowace safiya Holmat yana wucewa ta ƙofar gidan a hanyarsa ta zuwa inda ya samu aikin dako. Ba ya bugawa, ba ya magana, tsayawa kawai yake kaɗan ya wuce. Sanobar ta san takunsa. Da ta ji shi sai ta ɗauke ƙafa daga keke ta riƙe numfashi, har sai ya yi nisa. Ta rame, har zobenta ya fara zamewa.

An nemo Mastura a Tashkent, babban birnin ƙasar, aka kawo ta. Ta yi kuka a gaban alƙali, ta ce ta zaci ƙanenta ba zai fito da rai ba. Holmat bai kalle ta ba ko sau ɗaya. Alƙali ya ce kafin ya yanke hukunci, su fita su gwada sulhu.

A barandar kotun Lauya Muhayyo ta gaya wa Holmat gaskiya. In aka rushe cinikin, gidan zai koma hannunsa shi da Mastura, su ci gaba da shari'a a tsakaninsu, matar nan da 'ya'yanta kuma su koma titi. Holmat ya murza tabon da ke bayan hannunsa.

"Ba zan haɗa gida da Mastura ba," ya ce. "A ba ni ɗakina da filin da ke gabansa har zuwa tanderu. A fasa mini ƙofa ta titi. A rubuta da sunana, nawa ni kaɗai, a buga hatimi ina tsaye."

Sanobar ta kira Tursunali. Ya ce, "Ke kike wurin. Me kika gani?" Ta ce ta gaji. Ya ce to ta sa hannu.

Wannan karon sai da lauyar ta karanta mata kowane layi, masu awon fili suka zo suka ja igiya, aka fitar wa kowa takardarsa daban. Kashi ɗaya cikin uku na tsakar gidan ya tafi, har da tanderun da rabin rumfar inabi. Batun kuɗin da ya rage tsakaninsu da Mastura, lauyar ta ce wata shari'a ce ta daban, a bari Tursunali ya dawo.

Holmat da kansa ya gina katangar, don a gidan yari ya koyi aikin birkila. Kwana huɗu yana jera bulo, Sanobar ta kulle yara a ɗaki tana leƙen sa ta taga. A rana ta huɗu da la'asar katanga ta kai masa kafaɗa. Ya tsaya ya share gumi, ya yi gyaran murya ya ce, ba tare da ya dubi tagar ba, "'Yar uwa, nan ya isa, ko a ƙara?"

Ta ji kunya ta kama ta har wuya. Ta so ta ce ya isa.

"A ƙara layi uku," ta ce.

Ya gyaɗa kai, ya sunkuya ya ɗauki bulo.