Tozon Baba Hodi

Tun ranar da Illo ya fara yanka nasa a kasuwar Argungu, bai taɓa sayar da tozo duka ba. Sai ya yanki wurin da ya fi kitse ya kai gida garinsu Gulma, matarsa Sadatu ta dafa da man shanu a kai wa mahaifinsa, Baba Hodi. Mahauta har misali suke yi da shi wajen kula da iyaye, shi kuma yana jin daɗin hakan fiye da yadda yake nunawa.

Da ƙafafun tsohon suka fara kumbura, mantuwa ta yi yawa, Illo ya kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Likitar, Adesewa, haifaffiyar unguwar Badariya ce, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Ta tambayi abin da Baba yake ci, Illo ya lissafa mata yana murmushi.

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona shi ke nan. Ta ce jiki ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da masu shararta a ciki, suna narkar da abin da ya lalace a sake amfani da shi. In kitse ya yi yawa sai aikin ya yi nauyi, shara ta taru, tsufa ya zo da sauri. Ta ce a rage. Illo ya sunkuyar da kai. Baba yana gyangyaɗi, bai ji komai ba.

Washegari Illo ya zaɓo jan nama zalla, ya ce Sadatu ta bar man shanun. Shi da kansa ya ajiye akushin. Tsohon ya laluba miya da yatsu, ya sake lalubawa, sannan ya janye hannu.

"Illo, wani laihi niy yi maka?"

Amsar tana bakinsa, amma faɗinta na nufin ya gaya wa tsohon cewa abin da ake yabon ɗansa a kai shi ya ci ƙarfinsa. Ya ce babu, Baba, mantuwa aka yi.

Ya zagaya madafa. Sadatu tana kallonsa ya buɗe ƙwaryar man shanu ya ɗebo, ba cikin cokali ba, rabi. Bai yarda sun haɗa ido ba.