Haƙoran Mai Karanta Labarai

Shekara da shekaru Anti ce ke karanta labaran rana a gidan rediyo, har hatsarin mota ya raba ta da haƙoranta uku na gaba. Leɓe ya warke, amma magana ta ƙi komawa daidai. Iska ke kuɓuce mata ta giɓin, kalma ta fita da ɗan fito. Aka yi mata na roba, masu cirewa. Ranar da ta koma aiki, tana tsakiyar karatu suka zame. Ta tokare su da harshe ta ƙarasa da ƙyar, sannan da bakinta ta roƙi manaja ya mayar da ita ɗakin tace labarai.

Ko a gida in dariya ta zo mata, sai ta kai hannu baki. Ƙaninta ne ya matsa har ta yarda ya kai ta wurin wata likitar haƙori.

Likitar ta duba hoton ƙashin ta ce, "Dashe za mu yi. 'Yar ƙusar ƙarfe za mu kafa a ƙashin muƙamuƙi ta zama saiwa. Idan ƙashi ya riƙe ta, sai mu ɗora haƙori a kai."

"Ƙusa, likita? Ni ƙyaure ce?"

"Akwai allurar kashe zafi. Abin da zai dame ki jira ne, don sai an yi watanni."

Ƙanin ya ce, "Yaya, haƙori dai sai da haƙuri." Ta harare shi.

Aka kafa ƙusoshin, fuska ta kumbura ta sace. Ta sha abinci mai ruwa-ruwa har ta tsane shi, ba ta kuma taɓa tsallake ranar asibiti ba. Da aka ɗora haƙoran, likita ta miƙo madubi. Anti ta ture shi, ta jawo jaridar da ke kan tebur ta karanta sakin layi guda da ƙarfi. Kowane harafi ya fita tas.

Ta nemi manaja ya mayar da ita kan karatu, ya yarda. Ranar Litinin ta shiga situdiyo, jar fitila ta kama. Ta yi sallama ga masu sauraro, ta bi labarai ɗaya bayan ɗaya ba gargada, har sunayen ƙasashen waje masu karya harshe. Ta cikin gilashi ta hango ma'aikata sun cika ƙofa.

Tana fitowa manaja ya tare ta. "Anti, waya ta hana mu sakat, kowa tambayarki yake. Za ki haɗa mana da na yamma?"

"Kawo su," in ji ta, tana dariya da baki buɗe.