Mu Dai Ta Koma

Wayar ta yi ta ɓari a kan teburin keken ɗinki har ta ture kwalin allura ya zube ƙasa. Yaya ba ta ko kalle shi ba. Ta ajiye almakashi, ta goge hannu a zaninta, ta buɗe guruf ɗin masu karatunta. Minti ashirin kacal da ta tura shafi na talatin da takwas na sabon littafinta, labarin Malama da mijinta Yallaɓai, amma saƙonni sun haura ɗari uku, kuma babu na yabo ko guda.

"Haba gwanarmu! Mari biyu ne fa kawai, shi ne Malama za ta haɗa kaya?"

"Wallahi matar nan ta cika taurin kai. Namiji kamar Yallaɓai, ga kyau, ga kuɗi, ga kishi, me kuma take nema a duniya?"

"Ni dai in kika raba su, na bar karanta littafinki har abada."

Yaya ta ja tsaki mai tsawo. Mari biyu kawai! Ta so a ce mai wannan maganar tana tsaye a gabanta, ta ɗaga labulen ƙuryar shagon ta nuna mata abin da mari biyu yake yi wa fuskar mutum. A bayan labulen nan Auta take kwance kwana uku ke nan, ƙanwarta da ta rena tun rasuwar mahaifiyarsu, leɓe a fashe, ido ɗaya ya kumbura ya rufe ruf. Mijinta Injiniya ne ya yi mata wannan aika-aika, wai don ta amsa gaisuwar mai gadi da fara'a. Wannan ne karo na huɗu.

Shekara shida Yaya tana ɗinki, tsakanin riga da riga tana rubuta labari a waya. Abin da ya fito da sunanta shi ne ƙuri'a. Duk inda labari ya zo mararraba sai ta tsaya ta tambayi masu karatu abin da suke so ya faru, inda suka fi yawa nan take bi. Ta san su sarai, kamar yadda ta san awon matan da take yi wa ɗinki. Ba sa son jarumi talaka, ba sa son mai surutu. Miskili suke so, wanda ba ya dariya, wanda in ransa ya ɓaci gida ke girgiza. Mace mai mayar da magana kuwa, tun shafin farko za su tsine mata. Ba sa son kotu, ba sa son saki. A ba su asibiti, a ba su namiji a durƙushe yana hawaye, sai ka ga addu'a tana zubo mata ta ko'ina.

A littafinta na farko ta taɓa gwada barin jarumar labarin ta tafi abinta. Cikin mako guda rabin guruf ɗin suka watse. Ta tsorata, ta goge shafin, ta mayar da matar ɗakinta. Tun daga ranar ta rubuta littafi biyar, maza biyar masu saurin hannu, kowannensu ya durƙusa a ƙarshe an yafe masa.

Wannan karon ba don su ta rubuta ba. Don mutum ɗaya ta sa Malama ta haɗa kaya, kuma mutumin yana bayan labule da waya a hannu. Ta danne zuciyarta, ta saka ƙuri'ar kamar yadda ta saba: Malama ta tafi, ko ta koma?

*

Kafin la'asar an gama. Ɗari shida da sha ɗaya sun ce ta koma, goma sha huɗu sun ce ta tafi. Yaya ta shiga jerin sunayen don ta ga su wane ne goma sha huɗun nan masu hankali, ta duba sama da ƙasa, ba ta ga wadda take nema ba. Sai ta buɗe ɗaya jerin. Ga Auta nan, ta bakwai daga sama. Har da saƙo ta bari a ƙasa: "Mu dai ta koma. Son da yake mata ne ya yi yawa."

Yaya ta fizge labulen da ƙarfi har ƙusa ɗaya ta fita.

"Ke! Da wane idon kika rubuta wannan? Da mai ganin ko da rufaffen?"

Auta ta tashi zaune a kan katifa, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta. "Yaya, labari ne fa. Kowa da ra'ayinsa."

"Ra'ayin banza! Ɗauki madubi ki kalli ra'ayinki. Mutumin nan kashe ki zai yi, Auta, wallahi kashe ki zai yi, ni kuma ba ni da wata ke."

"Ba ki san shi ba ne. In ya huce, babu mai tausayinsa. Zuciya ce da shi, irin ta Yallaɓai."

"Wane Yallaɓai? Babu wani Yallaɓai! Ni na ƙirƙire shi, a kan kujerar can mai karyayyar ƙafa, ina jiran wuta ta dawo in yi guga!"

Auta ta ɗago. Idonta mai lafiya ya kaɗa ya yi ja, amma muryarta ba ta rawa. "Tun ina shekara goma sha biyar nake karanta miki kafin ki tura. Ni ce nake gyara miki inda kika yi kuskure. Sau biyar kina nuna mana wadda ta yi haƙuri ita ke cin riba, sau biyar kina cewa wanda ya fi so shi ya fi zafin kishi. Ban taɓa jin kin ce ƙarya ce ba. Sai yau da abin ya zo kaina?"

"To yau na faɗa. Ƙarya ce. Ƙarya na yi ta shirgawa don kada su gudu su bar ni."

"Mata ɗari shida duk ba su da hankali ke nan, sai ke?"

"Ɗari shidan nan, wace ce a cikinsu ta zo ta gasa miki fuska da ruwan zafi?"

Auta ta koma ta kwanta, ta juya wa yayarta baya. "Ni dai na san a tsakiyar labarin muke," ta ce a hankali. "Kullum tsakiyar ce mai wuya. Saura kaɗan ya canza."

Yaya ta tsaya riƙe da labule. Haushin Injiniya take ji, da haushin matan guruf, da haushin wannan sakarar yarinya da take so kamar ranta. Wanda ya fi ci mata rai shi ne haushin kanta.

*

Washegari da hantsi mota ta tsaya a ƙofar shago. Injiniya ya shigo cikin fararen kaya masu guga, ƙamshin turarensa ya riga shi, hannunsa riƙe da leda mai sheƙi.

"Yaya, ina kwana?"

"Ban kwana ba. Fita."

Bai fita ba. Ya dubi labule, ya ga ƙafafun Auta daga ƙasa, sai ya zube gwiwa biyu a kan ƙyallayen da suka watsu a ƙasa. Ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannunsa na dama gaba.

"Ga hannun da ya taɓa ki," ya ce, murya na karkarwa. "Ki ce in yanke shi, yanzu in yanke. Kwana huɗu ina shiga ɗakinki ina gaishe da bango."

Yaya ta zuba masa ido. Ta san maganar nan. Ita ta rubuta ta, kalma da kalma, a littafinta na uku. Ta tuna ranar ma, tana cin gyaɗa tana dariya ita kaɗai don ta san matan guruf za su haukace. Sun kuwa haukace. Ta tuna kuma farkon auren, da Auta ke ba ta labari cikin jin daɗi cewa kullum sai ta karanta wa Injiniya shafin ranar, yana kwance yana cewa shirmen mata ne. Ashe shirmen ya zauna masa a ka.

"La'ilaha illallahu!" Yaya ta tafa hannu. "Shafi na arba'in da ɗaya! Ci gaba mana, malam, ai ba ka ƙarasa ba. Saura wurin da za ka ce numfashinka a hannunta yake. Ko in buɗe maka ka duba?"

Injiniya ya ɗago ya kalle ta na daƙiƙa ɗaya. Idonsa a bushe yake ƙamas, kuma babu ko ɗigon kunya a ciki. Ya mayar da kai ƙasa. "Numfashina a hannunki yake," ya ce.

Labule ya motsa. Auta ta fito tana kuka, hannu a baki, jakarta tuni a rataye a kafaɗa. Ashe tun safe a shirye take.

Yaya ta tare ƙofa da jikinta. "Auta, ki dubi girman Allah. Kin fi kowa sanin maganar nan, ke kika gyara mini ita! Hadda ya yi miki, ko wasali bai canza ba!"

"Ko hadda ce, ai ya damu ne har ya riƙe." Auta ta share hawaye da gefen mayafi. "Yaya, ba ki ga ya durƙusa ba? Namiji guda, a gabanki, a cikin tsumma. Me kuma kike so ya yi?"

"In ya sake fa?"

"Ba zai sake ba. Daga nan ba sa sakewa."

Ba sa sakewa, domin daga nan Yaya take rubuta "ƙarshe" ta rufe littafi. Ba ta taɓa rubuta abin da ke faruwa ranar Talatar da ke biye ba. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, Auta ta riƙo hannunta ta sauke shi daga jikin ƙofa, a hankali, kamar mai lallashin tsohuwa. Injiniya ya miƙe, ya karkaɗe zaren da ya manne a gwiwar wandonsa, ya bi bayanta.

Yaya ta fito bakin titi ba takalmi. Ya buɗe wa Auta ƙofar gaba da kansa, ya ɗora mata ledar a cinya, ya zagaya ya shiga. Ta cikin gilashi Auta ta yi wa yayarta murmushi da rabin bakin da bai fashe ba. Injiniya ya tayar da mota, ya ɗaga hannu zai gyara madubin da ke sama. Auta ta yi wuf ta duƙe, ta kare fuska da damtsenta.

Ya gyara madubinsa, bai ko lura ba. Ita kuma ta sauke hannun a hankali, ta kai shi kan mayafinta tana gyarawa, kamar dama abin da ta yi niyya ke nan. Motar ta hau titi.